Ɗalibi da Na'ura: Wa Ya Yi Rubutun?

Tun watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, wata sabuwar al'ada ta shiga jami'o'in duniya. Ɗalibi yakan buga tambayar malami cikin salula, nan take na'ura ta tsara masa shafi biyu. Wannan batu ya shafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, domin salula tana hannun ɗalibansu su ma.

Wajibi ne a san yadda na'urar take aiki. An ɗura mata ɗimbin rubuce-rubuce, galibinsu da Ingilishi, sai ta riƙa jera kalmomi bisa ga yadda suka saba bin juna. Ba ta tantance gaskiya da ƙarya, har takan ƙaga sunan littafin da babu shi. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci waɗansu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da na'urar ta ƙaga. Abin da aka ɗura mata game da Nijar kuwa kaɗan ne. Wanda ya dogara gare ta a kan tarihin Damagaram ko noman albasa a Galmi, ya yi shirin tuntuɓe.

Malami ba takarda yake nema ba in ya ba da aikin rubutu. So yake ɗalibi ya karanta, ya auna, ya kafa hujja da kansa. Ƙasa tana kashe dukiyar talakawa a kan ɗalibai don ta samu likitoci, alƙalai da malaman gona masu tunani. Zanen aro ba ya rufe katara: ranar da ma'aikaci ya tsaya gaban manoma, abin da ke kansa ne kaɗai zai fisshe shi.

Hani kawai ba zai wadatar ba. A watan Janairu na 2023 makarantar Sciences Po ta Faransa ta hana amfani da na'urar ba tare da an bayyana ba. Wannan hanya ce mai kyau. Ya kamata kowace jami'a ta kafa doka a rubuce: wanda ya nemi taimakon na'ura ya faɗi inda ya yi haka, ya kawo littattafan da ya ambata, sa'an nan ya kare rubutunsa da baki gaban malamai. Takardar shaida alkawari ce tsakanin jami'a da jama'a, kuma cika shi tilas ne.