Jinyar Mahaifi: In Sauƙi Ya Zo Kuma Ya Koma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako mun jingine bayanin da mu ke yi a kan hukunce-hukuncen ciniki, saboda wata wasiƙa da ta zo mana daga wani ma'aikacin gwamnati a Sakkwato, mutumin ƙasar Kebbe. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa karɓa masa.

Ya ce mahaifinsu, dattijo mai kimanin shekara 70, ɗan kasuwar hatsi, ya faɗi wata rana bayan sallar asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, ya yi mako uku, sa'an nan aka dawo da shi gidan babban ɗansa a Tambuwal, domin can ne bakin babbar hanya. Cikin wata huɗu tsoho ya zauna, ya miƙe, ya kama sanda har ya kai masallacin ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa barka. Da aka ga haka sai aka saki magani, don ga sauƙi ya samu, ga kuma aljihu ya yi rauni. Tsoho ya matsa a mai da shi Kebbe ya ga gonarsa kafin damina, aka mai da shi. Can ciwon ya sake buge shi. Yanzu yana kwance, ga gyambo a gadon baya, ba ya son abinci, wani lokaci sai ya fashe da kuka ba dalili. Babban wa ya ce asibiti ya gaza, wannan sammu ne. Mai wasiƙa ya ce sakacin wansa ne. Ƙanwarsu ta bar ɗakin mijinta wata biyu, miji ya fara magana. Matar babban wa kuwa ta ce ta gaji.

Tambayoyinsa huɗu ne. Shin komawar ciwon fushin Allah ne? Wa nauyin jinya ya ke kansa? Yaya tsoho zai yi salla? Ta huɗu kuwa ya rubuta ta can ƙasan takarda da ƙananan baƙaƙe: ya ce wani lokaci zuciyarsa ta kan raya masa cewa da Allah ya ɗauki tsohon da kowa ya huta, shin ya halaka ke nan?

To, mu fara da ta farko. Komawar ciwo ba alamar fushin Allah ba ce. Tirmizi ya ruwaito cewa annabawa su ne mafi tsananin jarrabawa, sa'an nan waɗanda ke biye da su a daraja. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa duk wahalar da ta sami Musulmi, ko da sukar ƙaya ce, ana kankare masa zunubi da ita. Wannan ciwo na shanyewar ɓarin jiki, wanda Larabawa ke kira falij, ya taɓa manyan bayin Allah. Abana ɗan Sayyidina Usmanu ɗan Affan, malamin fiƙihu wanda ya yi gwamnan Madina a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, shi ne ya ruwaito daga mahaifinsa addu'ar nan ta neman tsari da a ke karantawa sau uku safe da yamma, kuma duk da haka falij ya same shi. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo cewa wani mutum ya tsura masa ido yana mamaki, sai Abana ya gaya masa cewa hadisin yana nan yadda ya faɗe shi, shi ne dai bai karanta addu'ar ba a wannan rana, domin Allah ya zartar da abin da ya ƙaddara. Ku duba fa, bai zargi maƙwabci da sihiri ba, bai kuma yi shakkar Ubangijinsa ba.

Amma yarda da ƙaddara ba ta kore sababi. A cikin Suratu Sad, aya ta 42, Allah ya umurci Annabi Ayyuba ya bugi ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha, alhali kuwa Allah Mai iko ne ya warkar da shi ba tare da ya motsa ba. Magabatanmu na wannan ƙasa haka suka fahimta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ɗan'uwan Muhammadu Buhari da ya zauna ribaɗin Tambuwal, ya wallafa littafi a kan maganin ido, da wani a kan maganin basir, ya kuma taƙaita bayanin magungunan da aka samo daga Annabi. Saboda haka wanda ya ce zuwa wurin likita raunin tawakkali ne, to, ya saɓa wa malaman da ya ke alfahari da su.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, ciwon yana faruwa ne sa'ad da wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma babban mai jawo shi hawan jini ne, watau awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Maganin hawan jini kuwa kamar madatsar ruwa ya ke: yana tare ruwan ne kawai, ran da aka cire shi sai ambaliya. Wanda ciwon ya taɓa bugewa sau ɗaya ya fi kowa kusa da bugu na biyu. Ashe ke nan sauƙin da aka gani a Tambuwal amfanin maganin ne, sakinsa kuma shi ya buɗe ƙofa. Mafi yawan sauƙi yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, bayan nan sai a hankali, kuma ya kan zo ya tsaya, ya ja da baya, ya sake tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran abubuwan da suka firgita gidan, duk an san su. Gyambon baya daga daɗewar kwanciya a gefe ɗaya ya ke, maganinsa a riƙa juya majinyaci kamar kowace awa biyu, a tsare shimfiɗa daga jiƙa. Kada a ba shi abinci yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi mai laushi kaɗan kaɗan, in yana tari wajen haɗiya a gaya wa likita, domin abinci ya kan ɓace hanya ya shiga huhu ya zama wani ciwon. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. A motsa masa gaɓoɓi kullum yadda masu gashi na asibiti suka nuna, don kada su sandare. A rage gishiri da dunƙulen miya. Kukan da ya ke yi ba dalili, da ƙin abinci, su ma daga taɓuwar ƙwaƙwalwa da baƙin cikin kwanciya su ke, ba iska ba ne, likita yana da abin da zai taimaka da shi. In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, to, a nemi mota nan take. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ke, tafiyar kusan kilomita 100 ce, mutumin Kebbe kuma tasa ta fi haka, saboda haka ba a jiran gari ya waye a ga yadda jiki zai yi. A yi tofi, a yi addu'a, wannan sunna ce, amma kada a ɗura rubutu ko ruwa a bakin wanda ba ya iya haɗiya.

Sai tambaya ta biyu. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa ciyar da iyaye mabukata wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace. Shehu Halil a Muhtasar ya haɗa har da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima, ya kuma kawo zance uku a kan yadda za a raba nauyin tsakanin 'ya'ya: ko daidai wa daida, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadatar kowa. Na ƙarshen nan shi ne masu sharhi suka rinjayar. Watau mai rumbu biyu ba zai ce sai ya ba da daidai da mai rumbu ɗaya ba. Matar ɗa kuwa, shari'a ba ta ɗora mata jinyar surukinta ba; abin da ta yi kyautatawa ce, sai a gode mata, a kuma sauƙaƙa mata. Wankan tsoho da tsarkinsa aikin matarsa ne in tana da ƙarfi, in ba haka ba na 'ya'yansa maza ne, ko wani namiji da za a ɗauka a biya, domin al'aurar mahaifi ba ta faɗi don ya kwanta ciwo ba. Ita kuma 'yar da ta bar ɗakinta, mijinta yana da hakki, sai a sa mata kwanaki sanannu da yardarsa.

Shawararmu ga wannan gida, su zauna gaban wani babba na dangi, su ɗauko takarda. Mun san ɗan kasuwa ba ya ba da buhu ɗaya bashi sai ya rubuta, ma'aikaci kuma ba ya fita ofis sai ya sa hannu, to, don me jinyar uba za ta zama ta kowa ta ba kowa? A rubuta wa zai sayi maganin wata, wa zai biya mota, wa zai kwana ranar kaza. Ran da albashi ya shigo, magani shi ne farkon abin saye. Mai wasiƙa kuma ya sani, kuɗin da ya ke aikawa ta waya ba su isar masa. Wani mutum ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita jihadi, da aka ji iyayensa suna raye sai aka mai da shi gare su, aka ce nan jihadinsa ya ke. Uwaisul Ƙarni ya zauna Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai sadu da Annabi ba, amma aka umurci Sayyidina Umaru ya nemi ya roƙa masa gafara. Zargin juna kuwa a bar shi. An yi kuskure wajen sakin magani, a ɗauki darasi, a wuce. Muslim ya ruwaito cewa faɗin da na yi kaza da kaza ta faru yana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki, Bahaushe ma ya ce da na sani ƙeya ce.

Game da salla, addini ya yalwata. Imrana ɗan Husaini yana fama da basir, Annabi ya ce masa ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Duk wanda ya karanta Ahlari a makarantar zaure ya san halaye bakwai da aka jera: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya a gefen dama, ko na hagu, ko rigingine, yana nuni da kansa. In bai iya alwala ba a yi masa, in ruwa zai cuce shi a kawo masa ƙasa mai tsarki ko dutse ya yi taimama. Yoyon fitsari da ke zuwa a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala a mazhabar Malik. Sallar da lokacinta ya fita yana cikin suma babu ramuwa a kansa. Azumi kuma, mara lafiya ya sha ya rama, wanda ba a sa ran zai iya ramawa an so ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi a kan kowace rana. Kada a bar shi ya saki magani saboda Ramalana. Ku kuma yi masa albishir da hadisin Abu Musa da ke cikin Buhari, cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Sahun farkon da ya ke kuka a kansa, ana nan ana rubuta masa shi.

Saura ta huɗu. Ɗan'uwa, ba ka halaka ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya, muddin ba su furta ko sun aikata ba. Gajiya ba saɓo ba ce. Ka duba Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24: Allah ya ambaci tsufan iyaye a hannun ɗansu, sa'an nan ya hana ko da mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa, domin ya san a nan ne ƙosawa ta ke zuwa. Abin da aka ɗora maka shi ne ka tsare harshenka da fuskarka a gabansa. In ka ji ƙirjinka ya cika, ka fita zaure, wani ya karɓe ka, ka yi barci. Ka roƙa masa lafiya, ka kuma roƙi Allah ya zaɓa masa abin da ya fi alheri. Mai yiwuwa ne ya sake kama sanda, mai yiwuwa ne kuma ba zai sake ba. In bai tashi ba, jinyarku ba ta faɗi ba, matuƙar yana kwance cikin tsabta, cikinsa da abinci, ana tuna masa lokacin salla, yana jin muryoyin 'ya'yansa ba sa faɗa a kansa.

Muna kira ga maƙwabta da limamai na Tambuwal da Kebbe da sauran garuruwanmu, a riƙa duba irin waɗannan gidaje bayan wata na uku da na huɗu, sa'ad da masu zuwa sannu suka ɗauke ƙafa, domin a lokacin ne bukata ta fi tsanani. Mu kuma da muka haura shekara 40, 'yan kasuwa da ma'aikata, mu riƙa zuwa ana auna mana jini tun muna tafiya da ƙafafunmu.

Allah ya ba wannan dattijo lafiya, ya haɗa kan zuriyarsa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, amin. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan hukunce-hukuncen ciniki. Wassalamu alaikum.