Kolrabi Ba Ya Jiran Mai Lambu



Wanda duk ya taɓa shiga kasuwar kayan lambu a Jamus daga watan Mayu zuwa Oktoba, ya ga wani abu dunƙulalle, kore fatsi-fatsi ko shunayya, ganyaye sun tsiro masa ta ko'ina kamar eriya. Sunansa kolrabi. A Jamusanci "kol" kabeji ke nan, ɗaya ɓarin sunan kuma na wata saiwa ce mai kama da shi. To amma kada sunan ya ruɗe ku, kolrabi ba saiwa ba ne. Karansa ne ke kumbura a bisa ƙasa, yana zaune a fili kowa na gani. Shi da kabejin da muka sani tsatsonsu ɗaya, masana na kiran jinsin Brassica oleracea. Tun a 1554 wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Mattioli, ya ambace shi a rubuce.

Jamusawa suna shuka shi a bayan gida, da kuma ƙananan lambunan nan na haya da ke gefen birane. Aikinsa ba wuya. A yi rainon iri, in ya fitar da ganye huɗu ko biyar a dasa, a bar tazarar santimita 25 zuwa 30. Sai dai kada a binne shi da zurfi, don karan da zai kumbura yana son iska. A rufa masa raga saboda farin malam-buɗe-littafi, wanda tsutsarsa kan cinye ganyen tas. Kuma ba a maimaita shi a inda aka cire kabeji bara, cutarsu ɗaya ce.

Ban ruwa shi ne farkon inda ake faɗuwa. In ka bar shi da ƙishi kwana da kwanaki, sannan ka zo ka malala masa ruwa don ka biya bashi, sai ya tsage. Kaɗan-kaɗan yake so, kullum.

Amma babban zancena a yau shi ne lokacin cira. Mu dai a kasuwarmu babba ake yabo: ƙatuwar doya, ƙaton kabeji, kankana sai an sa hannu biyu. Da wannan idon mutum zai tsaya kan kolrabi ya ce, bari ya ƙara kwana goma. Nan asarar take. Wata biyu, ko ma ƙasa da haka, bayan dashe ya isa. Da faɗinsa ya kai santimita 5 zuwa 8, kamar matsakaicin lemo, a sa wuƙa a yanke shi daga gindi. Uwargida ta san yadda kuɓewa take in ta tsufa a jikin uwarta, wuƙa ma sai ta yi gardama. To haka kolrabi yake, ya yi jijiya, ya zama itace, zaƙin ya gudu. Akwai irin da aka ware don girma, kamar Superschmelz, wanda kan kai kilo da yawa bai yi tauri ba. Sauran kuwa, irin su farin Biyana da shunayyan Biyana, ba su da wannan haƙurin. Shi ya sa mai dabara ba ya dasa duka rana ɗaya. Yakan dasa kaɗan duk bayan mako biyu ko uku, don kada su ƙosa masa lokaci guda ya rasa yadda zai yi da su.

Cinsa fa? A fere ɓawon sosai. Ciki fari ne, har na shunayyan. Ɗanye yana garas-garas a baki, ga ruwa, ga ɗan zaƙi, kamar tsakiyar kabeji amma ya fi ta taushi. Iyaye a Jamus kan yanka shi sili-sili su sa wa yara a guzurin makaranta, ko su dafa shi cikin farar miyar madara. Giram 100 na ɗanyensa na ɗauke da kusan miligiram 60 na bitamin C, ya ɗara lemo kaɗan. A Kashmir tare da ganyensa ake dafawa a ci da shinkafa, kuma ni a ganina su suka fi gane shi, don zubar da ganyen nan ɓarna ce. A arewacin Biyetnam, wajen Hanoi, amfanin lokacin sanyi ne, a soya shi da nama.

Sanyi yake so, zafi na sa shi tauri da yaji. Ke nan inda kabeji ke yi, kamar tsaunin Jos ko fadamunmu cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya samu iri yana iya gwada kunya ɗaya. In ya yi, a yanka shi ƙanana, a zuba ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan man gyaɗa, a kwaɗanta.

Sai mun sake saduwa.