Ciyawar Ado Ko Inuwa?

Wata al'ada ta shigo wa ma'aikatanmu masu gina sababbin gidaje a Kano. Da zarar an gama rufi, sai maigida ya kira 'yan kwangilar gyaran farfajiya, su sare itatuwan da suka tarar, su dasa ciyawar ado irin ta gidajen Turawa, sauran filin kuma su malale shi da siminti.

A Ingila, inda wannan ado ya yi ƙarfi, babu watan da ba a ruwa. Mu kuwa daga Oktoba har zuwa Mayu sai dai kallon sama. Ciyawa mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 takan sha kimanin lita 500 a rana idan bazara ta tsananta, wato jarka 20 ke nan ta 'yan garuwa, alhali maƙwabci yana can yana bin layi a rijiyar burtsatse. Daɓen simintin kuwa, idan ruwan Agusta ya sauko, sai ya hana ƙasa shanye shi, ya kora shi ta ƙofar gida zuwa magudanar da shara ta riga ta toshe.

Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928, ban-ruwan shekara ɗaya ko biyu ya ishe ta. Ya kamata hukumar tsara birane, kafin ta sa hannu a zanen gida, ta nemi a nuna mata inda za a dasa itace, da yankin da za a bar wa ƙasa ta sha ruwa.