Robar Da Ke Ɗauke Da Inji

Duk wanda ya saba shiga ƙananan motocin haya da ke jigila tsakanin Katsina da Dutsin-Ma ta Kurfi ya san wata rawa da suke yi idan sun tsaya sauke fasinja. Inji na silo, amma sitiyari na karkarwa, madubi na kaɗawa har ba a gane abin da ke baya. Da direba ya sa giya zai tashi, sai a ji wani ƙara daga ƙarƙashin bonet kamar an sauke guduma a kan ƙarfe. Idan aka tambaye shi, amsar ba ta wuce cewa mota ce ta tsufa. Tsufa kam akwai shi, domin Golf 3 da ta cika tashoshinmu tun a shekarun 1990 aka ƙera ta. Sai dai sau da yawa abin da ya mutu bai fi dunƙulen hannu biyu girma ba: wata roba ce da aka manne tsakanin ƙarafa biyu, wadda makanikai ke kira injin sitin, ni kuwa a nan zan kira ta mazaunin inji.

Mai karatu zai fi gane darajarta idan ya san abin da take fama da shi. Inji mai silinda huɗu, irin na yawancin ƙananan motocinmu, yana kunna wuta sau biyu a kowane juyi guda. Idan yana silo a kan juyi 800 a minti, fashewa 1,600 ke nan a minti ɗaya, wato kusan 27 a kowace daƙiƙa. Idan aka hau titi ya kai juyi 3,000, fashewar ta zama 100 a daƙiƙa. Kowace ɗaya bugu ce. Bayan wannan kuma akwai abin da ɗaliban kimiyyar lissafi da fizis suka sani tun daga sakandare, cewa duk ƙarfin da aka tura gaba yana da takwaransa mai turowa baya. Yayin da inji ke murɗa tayoyi su yi gaba, shi kansa yana neman ya murɗe ta ɗaya ɓangaren. Mazaunai uku ko huɗu ne ke riƙe da inji da giyabos a jikin mota, kuma ayyuka uku aka ɗora musu lokaci guda: su ɗauki nauyi, su hana inji kifewa idan an taka totur, su kuma shanye girgiza kafin ta kai ga jikin mota da jikin mutane.

A nan ne hikimar take. Abin da zai riƙe nauyi yana son tauri, abin da zai shanye girgiza kuwa yana son laushi. Roba ce ta haɗa biyun. Motocin farko da noti ake ɗaure injinsu kai tsaye a jikin ƙarfe, masu su kuma suna shan jijjiga. A shekarar 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motarsa Plymouth da inji a kan roba, tsarin ya karɓu har Citroën na Faransa ya sayi izinin amfani da shi a shekarar da ta biyo baya. Motoci da dama na baya-bayan nan ma mazauninsu akwai ruwa a ciki, wanda ke ratsa wata 'yar ƙofa yana kashe girgiza kamar yadda shokazoba ke yi. Irin wannan idan ya fashe ana ganin sawun ruwa ya zubo a jikinsa.

To, me ke kashe ta a wajenmu da wuri haka? Zafi na farko. Roba tana bushewa ta tsattsage da shekaru, balle wadda ke maƙwabtaka da inji a watan Afrilu a ƙasar Katsina. Na biyu hanya: ramuka, tuddan rage gudu da kowane ƙauye ya gina wa kansa, da hanyoyin burji irin waɗanda ake bi daga Dabawa zuwa ƙauyukan da ke kewaye idan damina ta zaizaye su. Na uku lodi. Motar da aka ƙera don mutum biyar, ranar kasuwa sai a ga mutum takwas a ciki, ga buhunan masara sun hana but rufuwa. Kafin ta motsa sai direba ya ba ta wuta sosai ya saki kuloci da ƙarfi, kuma duk fizgar nan a kan robar take sauka. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne na huɗu, domin shi ne mafi sauƙin magani: baƙin mai. Ɗigon mai da muke kallo a matsayin ɗabi'ar tsohuwar mota yana jiƙa roba, ta kumbura, ta yi laɓo-laɓo, ta rabu da ƙarfen da aka manna ta. Wanda ya sa sabon mazauni bai toshe yoyon da ke kansa ba, kwanan wata kawai ya ɗaga.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, dabaru biyu sun ƙara yawa a garejojinmu. Wasu a yanka tsohuwar taya a cusa a gurbin robar. Wasu kuma a kai wa mai walda ya haɗe ƙarafan biyu gaba ɗaya, a ce an huta. Ban ga laifin mai neman sauƙi ba, kowa ya san halin da ake ciki. Amma waldar nan gyaran gangar Auzinawa ce. An yi robar ne da gangan ta zama mafi rauni a wurin, ta riƙa shan dukan da ya kamata ya faɗa wa abubuwa masu tsada. Idan aka mayar da ita ƙarfe, dukan ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa. Sai kunnen giyabos ya tsage, noti su riƙa kwancewa, jikin mota ya fara darewa daga inda aka ɗaure. Wanda kuma ya bar ta a tsinke yana tafiya, inji na tsalle yana jan duk abin da ke haɗe da shi: salansa ta karye daga wuya, tiyon lagireto ya tsage ruwa ya tsiyaye, wayoyi su guntule, shaf ya riƙa aiki a karkace har ya ci kansa.

Abin ya taɓa wuce asarar kuɗi. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors ya yi kiranye ga motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7, domin mazaunin idan ya tsinke inji yana ɗagawa ya ja sandar totur, mota ta zabura ba da son direba ba. Tsarin motocin yanzu ya rage wannan haɗari ƙwarai. Namu haɗarin daban ne, kuma mazauna Dutsin-Ma da Kurfi da Safana ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. Motar da tiyonta ya fashe da la'asar sakaliya a tsakanin ƙauyuka, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a ciki ko matan da suka dawo biki, ba maganar kuɗin tiyo ake yi ba.

Binciken kuwa bai kai minti biyar ba. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, direba ya danne birkin ƙafa, ya sa giyar gaba ya ɗan ba da wuta, sannan ya sa ta baya. Mai dubawa ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya a gaban mota. Ɗan motsi kaɗan daidai ne; inji ya ɗago kamar zai fito, ko a ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, to an gama. A haska tocila a duba tsagewa, da zaman da robar ta yi har ƙarafa suka kusa haɗuwa. Sai dai a lura, ba kowace girgiza ce ta mazauni ba. Fulogi ɗaya idan ya mutu inji na rawa iri ɗaya, kuma an sha canza mazaunai lafiyayyu saboda rashin duba wannan.

Wajen saye, masu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sukan fifita na hannu da aka ciro daga motocin Turai a kan sabo mai araha, kuma sau da yawa suna da gaskiya. Amma roba ba ƙarfe ba ce: wadda aka ciro daga motar da ta shekara ashirin da biyar, ita ma shekarunta ke nan. A lanƙwasa ta da ƙarfe a gani ko tsaga za ta buɗe. Wajen ɗaurawa kuma a tallabe inji da jak da katako a tsakani, a bar shi ya zauna da nauyinsa kafin a ƙarasa ɗaure noti, sannan a dubi sauran mazaunan, domin duk tsawon lokacin da ɗaya ya yi a mace, su ne suka ɗauki rabonsa.