Baƙon Da Ya Ƙi Tuwonka, Tambaye Shi Kwanan Wata

 Yau zancenmu na azumi ne, amma ba irin wanda muka saba ji a masallaci ko a majami'a ba.

A ƙasar nan tamu, abin da ya kai ƙin cin abincin mutum zafi kaɗan ne. Ka sauka gidan mutum, ya sa a tuƙa tuwo, a yanka kaza, a kawo gabanka, kai kuma ka ce ka gode ba ka ci, to, lalle ka ɗauko wa kanka magana. Wani ya ce girman kai ne, wani ya ce ƙyama ce, wani ma ya ce zargi kake an sa maka wani abu a ciki. Alhali kuwa akwai wani baƙo da ya daɗe yana shigowa cikinmu, wanda in mai riƙo da addininsa ne, sau biyu a kowane wata ba ya sa ƙwayar hatsi a bakinsa, ko da sarki ne ya gayyace shi. Wannan baƙo shi ne Ba'indiye mai bin addinin Hindu.

Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. Mu ɗauki Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, garin mutanen Ham kuma mazaunin sarkinsu, Kpop Ham. Arzikin ƙasar Ham citta ne, haka ma Kaciya da Kagarko da kewayen Kafanchan. Indiya ita ce kan gaba a duniya wajen noman citta, amma duk da haka tana cikin masu sayen busasshiyar cittarmu. Manomin da ya ga yadda annobar 2023 ta ruɓar da gonaki a wannan yanki ya san darajar citta, ya kuma san darajar mai sayenta.

Ba ciniki kaɗai ya haɗa mu ba. Da aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna a 1964, hafsan Indiya ne, Birgediya M. R. Varma, ya fara shugabantarta. Daga 1979 zuwa 1982 kamfanin RITES na gwamnatin Indiya ne ya riƙe ragamar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, Kafanchan kuwa kowa ya san mahaɗar reluwe ce tun 1927. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin dattawanmu da suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai tsakanin 1970 da 1985, a hannun malaman Indiya suka koyi lissafi da kimiyya. Ga kuma finafinansu, waɗanda muka daɗe muna kallo har yara sun haddace waƙoƙinsu. Mun san rawarsu, mun san kukansu, amma ibadarsu sai dai mu gani mu yi dariya, ko mu kau da kai.

Da farko dai, ba kowane Ba'indiye ne Hindu ba. Ƙidayar jama'ar Indiya ta 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin 100 su ne Hindu, Musulmi sun ɗara kashi 14, watau mutum miliyan 172, Kirista kuma sun ɗan haura kashi 2. Saboda haka kada ka yanke wa mutum addini don ganin fuskarsa.

Ibadar da muke gani a fim, ana kaɗa ƙararrawa ana juya fitila, sunanta puja. Tushenta kuwa abu ne da Bahaushe da mutumin Ham duk za su gane, watau karɓar baƙo. Mai ibada yana ɗaukar abin bautarsa tamkar babban baƙo ne ya sauka gidansa. Sai ya yi masa maraba, ya ba shi wurin zama, ya kawo ruwan wanke ƙafa, ya yi wa siffarsa wanka, ya sa mata tufa, ya kawo furanni da turaren wuta da fitila, daga nan ya gabatar da abinci. In an yi ta cikakkiya, hidimomi 16 ke nan. Wankan ma wani lokaci da haɗin abu biyar ake yinsa: madara, da kindirmo, da man shanu, da zuma, da sukari. Babu ko ɗaya cikinsu da ba a samu a kasuwar Kafanchan. Juya fitilar nan ta ƙarshe ita ake kira arati. Abincin da aka gabatar kuwa, bayan an gama sai a rarraba wa jama'a, su suna ɗaukarsa albarka ce, sunansa prasad. Yawancin wannan ibada a gida ake yinta, a wani lungu da aka keɓe, ba a shigarsa da takalmi. Shi ya sa malami ɗaya tak a garin da babu ɗakin ibadarsu yake iya riƙe addininsa shekara da shekaru, maƙwabta ba su sani ba.

Su kansu ba su taru a kan fahimta ɗaya ba. Wasu Vishnu suka fi girmamawa, wasu Shiva, wasu Durga. Malamansu da yawa suna cewa duk waɗannan fuskoki ne na gaskiya guda ɗaya da suke kira Brahman. Akwai ma ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, da ta ƙi yarda da yin ibada gaban siffa sam.

To, mu dawo ga azumi. Su suna kiransa vrat, watau alkawari ko bakance, ko kuma upavasa, watau zama kusa da abin bauta. Ba a haɗa shi wata guda kamar Ramalana ba, a warwatse yake cikin shekara, kuma yawancinsa mutum ne ke ɗora wa kansa. Da wata suke lissafi kamar mu, sai dai sun raba watan gida biyu, lokacin da yake ƙaruwa da lokacin da yake raguwa. Rana ta 11 ta kowane rabi ita ce Ekadashi, watau kamar kwana huɗu kafin wata ya cika, da kwana huɗu kafin ya ɓace. Sau 24 ke nan a shekara. Ran nan ba shinkafa, ba alkama, ba gero, ba masara, ba wake. Mai ƙarfin hali ba ya cin kome sai gari ya waye. Wanda bai iya ba yana iya shan madara, ya ci 'ya'yan itace, da dankali, da gyaɗa, da wani abinci da suke yi da sitacin rogo. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga tukunya, gishiri ma sai na dutse, amma citta a gidaje da yawa tana shiga. Akwai kuma Ekadashi guda da ake kira Nirjala, wadda ke faɗowa tsakanin Mayu da Yuni, tsakiyar zafinsu, ita ko ruwa ba a sha yini da kwana.

Ban da wannan akwai na ranakun mako: Litinin don Shiva, Talata don Hanuman. Azumin Jumma'a 16 a jere, wanda ba a cin abu mai tsami, fim ne ma ya yaɗa shi cikin matan Indiya, watau Jai Santoshi Maa na 1975. Akwai Navaratri, darare tara tsakanin Satumba da Oktoba, dab da lokacin da mutanen Kwoi ke shirin tonon citta. Akwai Maha Shivaratri, wanda ake yini da azumi a kwana ba barci. Sai kuma wanda matanmu suka fi sani, Karwa Chauth, inda matar aure a arewacin Indiya ke kame baki daga fitowar rana har fitowar wata don roƙa wa mijinta tsawon rai, ta dubi watan ta cikin rariya, sa'an nan mijin ya ba ta ruwa. Wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya ga wannan azumi.

Saboda haka in irin wannan baƙo ya sauka gidanka ya ƙi tuwon acca ko fura, kafin ka ce raini ne, tambaye shi kwanan wata. Ka kawo masa ayaba da gyaɗa da madara, ka ga yadda fuskarsa za ta saki. Kada kuma ka yi masa tsarabar kilishi ko tsire. Da yawansu ba sa cin nama ko kaɗan, masu ci ma yawanci ba sa taɓa na saniya, don suna girmama ta ƙwarai.

Na san wani zai ce, wanda ke shan madara da rana ai ba azumi yake ba. Wannan awo ne da mudun gidanku. Musulmi ba ya ci ba ya sha daga ketowar alfijir har faɗuwar rana, kwana 29 ko 30. Ɗan Katolika a azuminsa na kwana 40 kafin Ista yana rage ci ran Larabar Toka da Jumma'ar tunawa da gicciye, yana barin nama kowace Jumma'a, amma yana shan ruwa. 'Yan ECWA, waɗanda tushensu a Kwoi ya faro daga zuwan mishan ɗin SIM a 1910, su ma suna da nasu tsarin azumi da addu'a. A 2025 ma sai ga azumin uku sun jeru cikin kwana takwas: Maha Shivaratri ran 26 ga Fabrairu, Ramalana ran 1 ga Maris, Larabar Toka ran 5 ga Maris. Kowa da ƙa'idarsa, kowa kuma a wurinsa tasa ce daidai. Ba a ce ka yarda da ta wani ba. Sani daban, bi daban.

Ga kuma inda zancen ya juyo kanmu. Ran da Ba'indiyen nan ya gama ibadarsa ya miƙo maka prasad cikin fara'a, mai yiwuwa ne kai ma ka ƙi karɓa, ko kai Musulmi ne ko Kirista, domin abinci ne da aka gabatar ga abin da ba ka bauta wa. Kana da hujjarka. Amma ran nan kai ne baƙon da ya ƙi tuwo. Me kake so ya ɗauka? Kana so ya gane ba ƙyamarsa kake ba, alkawarinka da Ubangijinka kake tsarewa. To, abin da kake nema a wurinsa ke nan, shi ma shi yake nema a wurinka.

In mun iya yi wa baƙon nesa wannan adalci, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba mu da shi ya fi cancanta. Mutanen Kafanchan sun san kuɗin rashinsa. A watan Maris na 1987 gardama ce kan wa'azi ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, an rasa rayuka, an ƙone wuraren ibada. A 2011 bayan zaɓe aka sake zubar da jini a Kafanchan da Zonkuwa. A 2016 ne shugabannin al'ummomin yankin suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Amma takarda ba ta zama lafiya da kowa, mutane ne ke zama. Yaron da aka rena a kan cewa wanda ya ƙi naman gidansu maƙiyi ne, shi ne gobe za a miƙa wa ashana.

Indiya ma ba tsira ta yi daga wannan cuta ba, har yau tana fama da ita. Sai dai a can an taɓa yin mutumin da ya mai da azumi maganinta. A 1924, bayan rikici tsakanin Hindu da Musulmi, Mahatma Gandhi ya yi azumin kwana 21 a Delhi, wanda ya fara a gidan wani shugaban Musulmi, Maulana Muhammad Ali. A farkon Satumban 1947, bayan raba ƙasar da Pakistan, ya daina ci a Kalkata har sai da masu faɗa suka kawo makamansu suka ajiye gabansa. A Janairun 1948, yana da shekara 78, ya sake kame baki daga ran 13 zuwa ran 18 ga wata, har shugabannin Delhi suka yi alkawarin tsare rayukan Musulmi da masallatansu. Maulana Abul Kalam Azad ne ya miƙa masa ruwan lemon da ya buɗe baki da shi. Bayan kwana 12 wani Hindu ɗan'uwansa mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi. Ga mai azumin Hindu da ya ba da ransa don mutanen da ba addininsu ɗaya ba.

Mu ba a nemi ranmu ba, abin da ake nema gare mu bai kai haka tsada ba. Tambaya ce kurum. Limami da fasto su koya wa mabiyansu abin da maƙwabci ke ci da abin da ba ya ci, da dalilinsa, ba da ba'a ba. Mai biki a Kwoi ko Kafanchan ya ware tukunya saboda wanda ba ya cin wani nama, ya kuma sa wanda yankansa zai gamsar da kowa ya yanka. Mai sayar da abinci ya san watan da maƙwabcinsa ke da ƙishirwa, ya sassauta. Wanda aka ƙi tuwonsa kuma ya tambayi dalili kafin ya yi fushi, gama masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a gonakinmu. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.