"Bari In Kwana A Kai": Maganar Da Ɗan Damfara Ba Ya Son Ji



Duk wanda aka taɓa damfara, in ka zauna da shi magana ɗaya za ka ji: "Wallahi ban san yadda aka yi ba." Wani ma ya rantse asiri aka yi masa. To asirin ɗan damfara bai wuce uku ba: ya taɓa zuciyarka, ya hana ka lokacin tunani, ya raba ka da mai ba ka shawara.

Dubi abin da ke addabar masu MoMo a Ghana. Saƙo ya shigo wai an turo maka kuɗi. Kafin ka gama karantawa waya ta yi ƙara, ga mace tana kuka, wai kuskuren lamba ta yi, kuɗin asibitin ɗanta ne. Tausayi ya kama ka, ka mayar mata ba tare da ka duba asusunka ba, alhali saƙon na bogi ne. Haka mai alat ɗin ƙarya yake yi a shago: yana duba agogo, wai motarsa za ta tashi, don kada ka tsaya ka ga shigar kuɗin.

Inda tausayi bai ci ba, sai a ɗana kwaɗayi. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, a Disambar 2016 ta kulle asusun jama'a. A irin wannan harka ana biyan na farko da kuɗin na baya, shi kuma wanda aka biya ya zama ɗan talla kyauta. Shi ya sa sau da yawa ɗan uwanka ne zai kawo maka ita, da zuciya ɗaya, bai san shi ne ƙugiyar ba.

Mu da ke zaman baƙunta muna da namu raunin. Da mutum ya yi mana Hausa, ya ambaci garinmu, ya haɗa da rantsuwa, shi ke nan mun saki jiki. Daga nan sai ya ce, "Alhaji, wannan tsakaninmu ne, kada kowa ya ji." Ranar da ka ji haka, a ranar ya kamata kowa ya ji.

Maganin ba ya cin ko sisi. Duk harkar da aka ce sai yanzu-yanzu, ka ce, "Bari in kwana a kai." Mai gaskiya zai jira gobe, ɓarawo kuwa sai ya fara fushi. Ka kai maganar ga mai masaukinka ko dattawan zango. Lambar sirrinka kuwa, ko wa ya nema a waya, kada ka bayar.

Uwargida, ke ma a shirye. In an kira an ce an tsare maigida a kan iyaka, a turo kuɗi maza, kashe wayar ki kira lambarsa da kika sani. Ku ajiye wata kalma tsakaninku wadda baƙo ba zai sani ba, ku koya wa manyan yara.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta rufe masa baki. Ya sanar da kamfanin waya ko banki nan take, ya faɗa wa 'yan kasuwa. Shirunka shi ne jarin da za a cuci maƙwabcinka da shi gobe.

Allah Ya tsare mana halalinmu. Sai mako mai zuwa.