Pillars da Golden Stars: Me ya sa har yanzu ƙwallon Jigawa ke kwana a Kano?

A watan Oktoban 2025 hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta sake ɗora wa Kano Pillars hukunci mai nauyi, bayan magoya baya sun kutsa cikin fili a ƙarshen wasan da aka tashi 1-1 da Shooting Stars ta Ibadan. An zaftare mata maki uku da ƙwallo uku, aka ci ta tarar naira miliyan 9.5, sannan aka rufe filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ƙungiyar ta koma karɓar baƙi a Katsina.

Hukuncin bai tsaya kan Kanawa kaɗai ba. A Sundimina da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa Gwaram, duk matashin da ke son ganin wasan Firimiya da idonsa a kakar 2025/26 sai ya bar jiharsa: ko dai ya hau motar Kano, ko ya nufi Bauchi wajen Wikki Tourists. Cikin ƙungiyoyi 20 da suka shiga kakar 2025/26 babu ko ɗaya daga Jigawa. Kano kuwa biyu gare ta, Pillars da Barau FC.

Gadon da ba a raba ba

An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku wuri guda: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. A wancan lokaci Birnin Kudu da Gwaram da Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure duk jihar Kano ce. Wato da aka ce "ƙungiyar jiha", har da mutumin Sundimina ake nufi.

Shekara ɗaya bayan haka, ranar 27 ga Agustan 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Jigawa. An raba ma'aikata, an raba kadarori, amma Pillars ta zauna inda aka haife ta, kuma magoya bayanta na sabuwar jiha ba su ga dalilin sauya riga ba. 'Ya'yansu suka taso suka tarar ana cewa "Sai Masu Gida", suka ɗauka.

Ita ma Pillars ɗin ta ba su abin riƙewa. Ta ci gasar ƙasa a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, ta sake ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali kofin yana hannun Al Ahly ɗin: aka yi 1-1 a Kano, aka je Alƙahira aka tashi 2-2, ƙwallayen waje suka ba Pillars hanya. Sai a wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta Owerri ta taka mata burki. Ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ba, har sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin a 2015. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Akwai kwanakin baƙin ciki ma. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri, suka jikkata biyar. A 2022, bayan kakar da ta sha zaftare maki da kora daga gida saboda rikicin 'yan kallo, Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Shekara ɗaya kacal ta yi a can ta dawo.

Jigawa Golden Stars, wadda gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinta, ba ta samu irin wannan tarihi ba. Ta sha hawa da sauka. Hawanta na baya-bayan nan shi ne na 2019, kuma ko a lokacin mutanen jihar ba su more ta ba, domin wasanninta na "gida" a Kano ta buga su, daga baya a Kaduna, saboda babu filin da hukumar gasar ta amince da shi a Jigawa. Annobar korona ta katse kakar farko ba tare da an saukar da kowa ba. A ƙarshen ta biyu, a 2021, ta sauka tare da Warri Wolves da FC Ifeanyi Ubah da Adamawa United. 'Yan jarida a lokacin "Badaru Boys" suke kiranta, da sunan gwamna mai ci. Ƙungiyar da laƙabinta ke bin wa'adin gwamna, da wuya yaro ya rubuta sunanta a bayan kekensa.

Tawagar da ke jingine da dattawa

Wanda ya dubi 'yan wasan Pillars na 'yan shekarun nan zai ga sunaye uku ne ke jan hankali, kuma dukkansu sun daɗe a fagen.

Na farko Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ɗan wasan tsakiya kuma kyaftin, wanda aka ci kofunan 2012 zuwa 2014 da shi, ya haura shekara 40 yana ci gaba da zura ƙwallo, musamman a bugun tazara da fenariti. Na biyu Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10 yana matashi, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, ya wuce CSKA Moscow da Leicester City da Al Nassr da Turkiyya, sannan ya dawo a Oktoban 2024 ya zura biyu a ragar Sunshine Stars a wasansa na farko. Na uku Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda ya ci tagulla da Najeriya a gasar Olamfik ta 2016, shi ma ya dawo bayan shekaru a ƙasashen waje.

Dawowar tasu ta cika fili, babu mai musun wannan. A watan Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ƙara da naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana cikin masu taka leda. Abin alfahari ne ga magoya baya, amma tsari ne mai wuyar sha'ani: kocin da zai yanke shawarar ajiye ɗan wasa a benci, ɗan wasan ne shugabansa a ofis.

Babbar tambayar ita ce wa zai gaje su. Pillars ta yi suna ne da ɗauko yara ba a san su ba ta mayar da su taurari, kamar yadda ta yi da Ahmed Musa da Sani Kaita da Gambo Muhammad. Idan yau sunayen da ke sayar da tikiti su ne na shekara 15 da suka wuce, to akwai abin da ya toshe a hanyar da ke kawo sababbi. Kuma hanyar nan, a da, ta ratsa ƙasar da yanzu ake kira Jigawa.

Abin da ya faru a Guangzhou

'Yan kasuwar Kantin Kwari sun san Guangzhou, birnin da suke saro kaya a ƙasar Sin. Birnin yana da labarin ƙwallo da ya kamata duk mai ba gwamna shawara kan wasanni ya sani.

A 2010 kamfanin gine-gine na Evergrande ya sayi ƙungiyar birnin tana rukuni na biyu, ya yi mata ruwan kuɗi. Ta ci gasar ƙasar sau bakwai a jere daga 2011 zuwa 2017, ta ƙara na takwas a 2019. Ta ɗauki kofin zakarun Asiya sau biyu, a 2013 da Marcello Lippi, a 2015 da Luiz Felipe Scolari, dukkansu kociyoyin da suka taɓa cin Kofin Duniya. Sauran ƙungiyoyin ƙasar suka shiga gasar kashe kuɗi. A wannan guguwar ce Obafemi Martins ya tafi Shanghai Shenhua a 2016, Mikel Obi ya koma Tianjin, Odion Ighalo kuma Changchun Yatai ta saye shi daga Watford kan kimanin fam miliyan 20 a 2017.

Da kasuwar gidaje ta karye, bashin da ake bin Evergrande ya haura dala biliyan 300. Taurari suka watse, ƙungiyar ta sauka a 2022, a watan Janairun 2025 kuma aka hana ta lasisi saboda bashi, ta rushe. Na Jiangsu ma ya fi ban mamaki: ta ci gasar a Nuwamban 2020, zuwa ƙarshen Fabrairun 2021 kamfanin Suning ya rufe ta. Duk da wannan kuɗi, rabon ƙasar Sin da zuwa Kofin Duniya tun 2002.

Wani zai ce ai ƙungiyoyinmu na gwamnati ne, gwamnati kuwa ba ta karyewa kamar kamfani. Haka ne, shi ya sa Pillars ta faɗi ta tashi, sunanta bai ɓace ba. Sai dai aljihu ɗaya ne a nan ma. A Sin kasuwa ce ta rufe aljihun. A nan zaɓe ne ke buɗe shi ko ya tsuke shi duk shekara huɗu. Bambancin Pillars da Golden Stars shi ne, babu gwamnan Kano da zai iya barin Pillars ta mutu ya kwana lafiya, saboda jama'ar da ke bayanta. Golden Stars kuwa tana iya shekaru a rukuni na biyu ba a ji kowa ya ɗaga murya ba.

Zaɓin da ke gaban Dutse

Hanyoyi biyu ne a bayyane. Akwai ta Barau FC, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ta hau Firimiya cikin ɗan lokaci a 2025. Nasara ce ta gaske, amma ita ma rayuwarta na rataye da mutum ɗaya. Akwai kuma ta Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta ci gasar 2024/25 daga Ikenne a jihar Ogun, garin da bai kai babban birnin jiha ba. Ita ma mai ita ɗaya ne, sai dai kuɗinsa ya tafi ne wajen gina fili da makarantar horar da yara ta Beyond Limits, wadda ke sayar da 'yan wasa zuwa Turai, kuɗi na dawowa.

Ga gwamnatin Umar Namadi, abu mafi sauƙi shi ne a ware kuɗi a kwaso 'yan wasan da wasu ƙungiyoyi suka sallama, a nemi hawa cikin kaka ɗaya, a ɗauki hoto a gidan gwamnati. An gwada makamancin haka, kuma ƙarshenta ƙungiyar ta je tana karɓar baƙi a jihar wasu. Abin da ya fi wuya, kuma ba ya kawo tafi da wuri, shi ne filin da zai cika sharuɗɗan hukumar gasar a cikin jihar, da gasar matasa mai ɗorewa tsakanin ƙananan hukumomi 27, wadda masu neman 'yan wasa za su san ranarta da wurinta.

A halin da ake ciki, yaron da ya fi kowa iya taka leda a filin makarantar firamare ta Sundimina, idan yana son a gan shi, sai ya nemi kuɗin mota da ɗan'uwan da zai sauka a wurinsa a Kano. Idan ya dace, rigar da zai saka rawaya ce ta Masu Gida, kuma idan wata ƙungiyar waje ta saye shi, asusun Kano kuɗin zai shiga.